Daga Takarda Zuwa Wuyan Riga: Tafiya Batsari da Safana

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka ya miƙi hanyar da ta nufi kudu maso yamma, in tafiyar tasa ta faɗo da kaka, sa'ad da gero ya shiga rumbu dawa kuwa tana tsaye tana jiran girbi, ba zai yi nisa ba sai ya ga ƙasa ta soma sauya kama a gabansa: gonaki su yi ta faɗaɗa, kuka da tsamiya da goruba su riƙa tsayuwa ɗai-ɗai a tsakiyarsu, sa'an nan duwatsu su fara ɗagowa, wani bisa wani, har ya iske kansa a ƙasar Ruma, wadda hakiminta, Sarkin Ruman Katsina, yake zaune a Batsari. Kudu da ita ƙasar Safana ce, inda Yariman Katsina yake riƙe da jama'a; yamma da su duka biyu kuwa Dajin Rugu ne, wanda ya miƙe har ya haɗe da ƙasar Zamfara. Mutanen birni sun san wannan yanki da rogo da dankali da shanu, tsofaffi sun san shi da jarumtar Ɗanwaire, a 'yan shekarun nan kuwa, abin baƙin ciki, an fi jin sunansa a labaran hare-hare da satar mutane.

Abin da ya kai ni can dabam ne da waɗannan duka. Ina da wani amini, mai sayar da huluna a Katsina, wanda ya daɗe yana kai yadi da zare garuruwan yamma ana ɗinka masa, shi ne ya sha gaya mini cewa in ina son in ga inda adon tufafinmu yake tsirowa, to in bar kantunan birni in bi shi wata rana, domin a can har yanzu ana samun waɗanda suke ɗaukar abin da idonsu ya gani a daji su zana a takarda, kana su mayar da shi kan riga da hula da bakin allura. Da na ga hanya ta ɗan lafa, motocin haya kuma suna kai da kawowa da rana, sai na ce gani ya kori ji, muka yi sammako.

Ba mu tsaya a kasuwar Batsari ba sai gwargwadon ratsa buhunan rogo da amalanken shanu. A wani zaure bayan masallacin unguwa muka iske dattijon da muka zo dominsa, zaune bisa buzu, ya shimfiɗa farar riga a cinyarsa, almajirai biyu a gefensa, ɗaya yana murza zare, ɗaya yana bitar allonsa. Wannan zama kuwa tsohon zama ne a ƙasar Hausa, domin tun da can aikin wuyan riga sana'ar malamai da almajirai ce, hannun da ya saba da alƙalami shi ne yake iya fitar da zane, mai neman ilmi kuma yana samun abin sakawa a bakin salati ba tare da ya bar zauren karatu ba. Bayan mun gaisa, an tambayi gajiya da mutanen gida, aka kawo ruwa a kwanon sha, sai aminina ya faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni na ɗan lokaci, sa'an nan ya aiki yaro cikin gida ya ɗauko wata tsohuwar gafaka wadda fatarta ta yi baƙi don shan hannu.

Na yi zaton littattafai ne a ciki, ashe takardun zane ne, an ninke su an jera wata bisa wata. Akwai waɗanda aka yanko daga buhun siminti aka goge ƙurarsu, akwai shafukan littafin makarantar boko masu gida-gida, akwai kwalin sabulu da aka buɗe aka zana a bayansa. A can ƙasa kuma akwai wasu 'yan ƙalilan masu kauri, launinsu ya koma ruwan ƙasa, gefensu ya cinye, waɗanda ya ce na mahaifinsa ne, shi ma gadonsu ya yi. Ya miƙo mini ɗaya ya ce in ɗaga ta wajen ƙofa. Da hasken rana ya ratsa ta sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, na tsakiya ya fi na ƙarshe girma, na farko ya fi su duka. Wannan ita ce takardar da ake yi a arewacin Italiya, a masana'antar iyalin Galvani da makamantansu, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus da Masar, raƙuma su ƙetaro hamada da ita zuwa Katsina da Kano, da ita kuma malamanmu na ƙarni na 19 suka rubuta Alƙur'anai da littattafan fiƙihu masu yawa. Takarda mai tsada irin wannan, wadda ba a ɓata ko tsaginta, a ce mutum ya ware fallenta ya zana wuyan riga a kai, wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da zanen yake da shi a wurin mai shi.

A kan tsofaffin takardun na ga abin da kowane Bahaushe ya sani: aska biyu da aska takwas masu zubowa daga kafaɗa zuwa aljihu, da tambari mai naɗewa daga tsakiya zuwa waje, da dagi mai saƙe da kansa, da gidan biyar. A kan sababbin kuwa akwai wasu da ban taɓa gani ba, dattijon ya riƙa ɗora yatsa a kansu yana kiran sunayen da shi ya raɗa musu: wannan ganyen tsamiya ne, ƙanana biyu-biyu a jikin sanda guda, wannan ƙayar bagaruwa, wannan saƙar zuma, wannan bayan kunkuru, wannan kuma sawun kurciya a bakin rafi bayan ruwa ya janye. Akwai wani layi mai lanƙwasa da ɗige-ɗige a gefe da gefe, na kasa gane shi, ya ce ai hanyar ƙadangare ce a kan rairayi, jan wutsiya a tsakiya, tafin ƙafafu a gefe.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, tun da ƙadangaren ne ya ba ka sha'awa, me ya hana ka zana shi gaba ɗayansa?"

Ya ce, "Malam, rai na Mai rai ne. Ni sawu nake ɗauka, in bar masa dabbarsa."

Wannan magana tana da tushe a karatu. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ƙasar nan ta tashi a kai, sun rarrabe hukuncin sura: mutum-mutumin abu mai rai, cikakken gaɓoɓi, mai inuwa, sun haramta shi, surar da aka zana a shimfiɗe bisa tufa ko bango sun sauko da ita zuwa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi, itace da fure da duk abin da ba shi da rai kuwa ba su ga laifinsa ba. Ba na cewa duk maɗinka sun tsaya a kan wannan iyaka, domin an sha ganin tsuntsu da ƙadangare da kunama a fili a ƙafar tsofaffin wanduna. Amma galibin masu aikin, musamman waɗanda suka tashi a gaban allo, sun zaɓi hanyar tsantseni, kuma a ganina wannan tsantsenin bai rage wa fasaharsu kome ba, ƙara mata ma ya yi. Domin wanda ya hana kansa kwaikwayon surar halitta dole ne ya tsananta kallo har ya gano ƙa'idar da aka gina ta a kai, yadda ganye yake bin ganye, yadda ɗakin zuma yake jingina da ɗan'uwansa ta fuska shida ba tare da an bar gurbi ba, wannan kuwa tafakkuri ne a cikin hikimar Ubangiji, ko da mai yinsa bai kira shi da wannan suna ba.

Na tsaya na ga yadda ake mayar da zane kan tufa. Ya ajiye takardar a gabansa, ya miƙe yadin bisa wani faffaɗan katako, ya tsoma alƙalamin kara a tawadar da aka dama da gawayi da ƙaro, irin wadda ruwa yake wankewa, ya riƙa duban takarda yana ja a yadi, ba awo sai na yatsu, da'ira kuwa bakin ƙoƙo ya kifa ya zagaye. Sai an gama wannan allura take shiga, ita kuwa ba ta gaggawa: babbar riga mai cikakken aiki takan ci watanni a hannun mutum guda. Ya nuna mini wani ɗan ƙullin zare mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai taushi da ɗan ƙyalli, ya ce tsamiya ce, ragowar wadda ya yi wa wani basarake aiki da ita tun yana da ƙarfinsa. Wasu tsutsotsi ne da suke cin ganyen tsamiya da doka suke taruwa su saƙa wa kansu gida guda, a ciro gidan a dafa shi da ruwan toka, a wanke, a tsefe, mata su kaɗa shi da mazari. Da wannan siliki na dajinmu, da jan alharini da ake kawowa ta hamada, aka yi wa rigunan sarakunan zamanin da ado. Launuka ma daga dajin suke: shuɗi daga baba, ja daga karan dafi, ɗorawa daga saiwar rawaya. Ke nan, in ban da alharinin, rigar da zanenta da zarenta da rininta duk daji ne ya bayar.

Hulunan aminina kuwa mata ne suke ɗinka su a cikin gidaje. Da la'asar wata tsohuwa ta fito soro da ƙunshinsu a ɗankwali, jikarta tana biye da ita riƙe da littafin lissafi. Ba 'yan garin ba ne. Daga wani ƙauye na bakin daji suka taso da dare, suka bar rumbu da awaki, wani ɗan'uwa ya ba su ɗaki. Irinsu suna da yawa a Batsari tun bayan da al'amari ya tsananta, musamman daga watan Fabrairu na 2020 da aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar a dare guda. A 2021 kuma, da gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi ta kuma sa aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Batsari da Safana, ciniki ya tsaya cik, gidaje da yawa ba abin da ya riƙe su sai allurar mata.

Na ce, "Inna, wa yake yi muku zanen?" Ta nuna yarinyar ta ce, "Ga ta nan, ɗan nan. Ni ido ya yi rauni, sai dai in faɗa mata ta zana." Yarinyar ta buɗe littafin. A bayan shafukan jimla da ɗebewa ta cika gidajen da biro ja da shuɗi, kowane gida ɗaya daidai da ɗinki ɗaya, har furen kabewa ya fito da kunnuwansa biyar, gefensa kuma jerin 'ya'yan kuka. Na ga tsohuwar ta ɗauki hular da ba a gama ba, ta kusanto da ita fuskarta, tana bin zaren da farcen babban yatsa kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero, har ta sami inda aka tsallake gida guda, ta ce a warware. Kuɗin da za a ba ta a kan hular bai taka kara ya karya ba, mai saye a birni kuma da wuya ya lura da wannan gurbi. Duk da haka sai da aka warware. Ban ga abin da ya fi wannan kama da amana ba a duk tafiyar.

Washegari muka yi kudu zuwa Safana, da hantsi, domin ba mai bin waɗannan hanyoyi da duhu. A kasuwa na ga abin da ya rage na adon Fulanin Rugu: 'yan mata masu tallar nono sanye da mudukare fari, an yi masa layuka da zare ja da kore da shuɗi a ƙirji, ƙorensu a rufe da faya-fayan da aka saƙa aka rina, kowane da tauraro ko da'ira a tsakiyarsa, samari kuma da malfunan kaba, an yi musu baki da tuntu da jar fata. Sun ragu ƙwarai bisa ga yadda ake ba da labari, domin fitinar nan ta ci makiyayi na kirki kamar yadda ta ci manomi, ta kuma shuka zargi tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi zaman fura da nono. Wanda ya dubi faifan Bafillatana ya dubi saman hular Bahaushe zai ga da'ira ɗaya ce take zagayawa a kansu duka biyu.

A layin dukawa na iske wata hanyar da takarda take hawa jikin mutum, ba zanenta kaɗai ba, ita kanta. Wani baduku yana ɗinke laya: an kawo masa takardar a ninke ƙanƙanuwa, an naɗe ta da farin zare har ba a ganin rubutun, shi kuwa ya yanki jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, ya lulluɓe ta, ya ɗinke bakin da basilla, sa'an nan ya ɗauki wani ɗan ƙarfe ya dandanna mata ado, layuka masu gicciye da ɗigo a kowane gida. A rataye a bayansa akwai kambu da guru, da wata rigar mafarauci wadda layu suka rufe har saƙar ba ta bayyana. Malamai sun yi saɓani a kan wannan mas'ala tun da daɗewa: mai Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya sauƙaƙa a kan rataya abin da Alƙur'ani ne a cikinsa, wasu kuma sun hana domin toshe ƙofar ɓarna, hukuncin kuwa na ma'abotansa ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne kamannin da ke tsakanin gidajen hatimin da ake zanawa a irin waɗannan takardu da gidajen da na gani a wuyan riga da littafin yarinyar nan. Lissafin hatimi ilmi ne da Katsina ta yi suna a kansa: Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya wallafa littafi a kansa da Larabci a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana lissafi na duniya kuma har yau suna ambatonsa. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara, inda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ƙasar da malamanta suka saba raba fili gida-gida da irin wannan ƙididdiga, ba abin mamaki ba ne maɗinkanta su iya zaunar da fure a cikin murabba'i ba tare da ya karkace ba.

Na nemi saƙi a kasuwar, wato ƙyallen nan mai duhun baba da ɗige-ɗigen fari wanda masaƙa suka ɗauko daga gashin zabuwa, ban samu ba sai a kafaɗar wani tsoho guda. Sa'ad da Bature Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851 ya tarar tufafin ƙasar nan suna tafiya har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Bayan ƙarni guda aka kafa masaƙar zamani ta Kaduna a 1957, ta janye mutane daga masaƙar hannu, ita ma ta rufe a 2002. Yau yawancin yadin da ake ɗinkawa a Safana daga Sin yake zuwa ta Kantin Kwari, aikin wuya kuma injin mai kwamfuta yake fitar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Ba ni daga cikin masu la'antar inji, domin ya sa talaka ya sami rigar Salla mai ado wadda ubansa bai taɓa mafarkinta ba. Sai dai inji abin da aka ba shi yake maimaitawa, ba ya zuwa bakin rafi ya ga sawun kurciya. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne yaran da suke tasowa yanzu a waɗannan garuruwa su ma ba sa zuwa: iyaye sun hana su nisa da gari, kiwo ya koma bayan gida, itace sai an saya, daji ya zama wurin da ake ambata da neman tsari. Yarinyar nan da ta zana furen kabewa, a dangar gida ta gan shi. Bayan kunkuru da hanyar ƙadangare a rairayin fadama kuwa sai dai a faɗa mata. Idan ido ya yanke daga daji, takardun da ke cikin gafaka su ne kaɗai za su rage, su kuwa gara da ɗigon damina da gobara da gudun dare duk abokan gabansu ne. Tsohuwar nan ta gaya mini cewa nata takardun, da na mijinta marigayi, suna cikin ɗakin da suka baro.

An taɓa yin wanda ya san darajar irin waɗannan takardu. David Heathcote, wani Bature da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana bin maɗinka a zaurukansu, har da na Katsina, yana tattara zanensu yana rubuta sunayen ɗinki, a 1976 kuma aka baje kolin fasahar Hausawa a Landan bisa ga abin da ya tara. Yau muna da abin da shi ba shi da shi. Ga gidan adana kayan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, wadda take maƙwabtaka da Safana, ɗalibanta da yawa kuma 'ya'yan waɗannan garuruwa ne, kowannensu da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Ina roƙon waɗannan hukumomi su aika a zauna da dattawan nan tun suna da rai, a ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta sunan zanen da bakin mai shi, a bar masa takardarsa, a kuma ba shi hakkinsa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar gafaka ko adaka a gidanku da ka san ta kakanka ce mai ɗinki, kada ka bari a kunna wuta da abin da ke ciki; ka buɗe ta, ka kira wani tsoho ya faɗa maka sunayensu, ka rubuta. In kuma za ka sayi hular hannu ta mutanen yamma, ka biya kuɗinta ba tare da ka matse mai ita ba.